Za mu karrama masu aikin sa kai a unguwa: ta ina ake farawa ba a ɓata rawa da tsalle ba?

Sakataren Unguwa:

Assalamu alaikum. Ƙungiyar ci gaban wata unguwa ce a cikin birnin Zariya take so ta karrama mutanen da ke yi wa jama'a hidima ba a biyansu ko sisi: masu haƙa kabari, samarin da ke yashe kwata kafin damina, 'yan sintirin dare, waɗanda ke tashi su ba da jini idan an yi kira daga asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba, da matan da ke wankan gawa. An tara ɗan abin da ya samu, ba wani mai yawa ba ne.

Tun ba a je ko'ina ba an rabu gida uku. Wasu sun ce a kama ɗakin taro a gayyato manya. Wasu sun ce wannan riya ce, za a ƙone wa bayin Allah ladansu. Wasu kuma har sun fara kawo sunayen 'yan uwansu da na alhazan da suka taɓa ba ƙungiya gudummawa.

Don Allah waɗanda suka san kan abin: yaya ake tace sunaye, mutum nawa ya kamata a ɗauka, me ake ba su, kuma wane lokaci ya fi?

Baban Kwarbai:

Wa alaikumus salam. Sakatare, ka ajiye zancen ɗakin taro tukuna. Wurin da abin ke lalacewa shi ne wajen zaɓen sunaye, kuma idan aka kuskure a nan, ko a ina aka yi taron washegari zancen da za a yi a majalisa shi ne an yi son kai.

A fara da kwamitin tantancewa na mutum biyar ko bakwai. Kada ya zama shida ko takwas, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A sa liman ko na'ibinsa, wakilin mai unguwa, mata biyu (malamar Islamiyya ta fi kowa sanin abin da ke gudana a cikin gidaje), matashi ɗaya daga cikin masu aikin, sai mutum biyu daga shugabannin ƙungiya in za a kai bakwai. Da a ce unguwar irin Wusasa ce ko Samaru ko Sabon Gari, inda Musulmi da Kirista suke zaune tare, to dole a sa wakilin coci. Sharaɗi biyu a rubuta su tun zaman farko: ɗan kwamiti ba ya karɓar lamba a shekarar da yake kai, kuma idan aka zo kan sunan ɗansa ko ƙanensa ko surukinsa, zai fita waje har a gama.

Takardar gabatar da suna shafi ɗaya ta isa. Sunan mutum da sunan da aka fi saninsa da shi, wane aiki yake yi, tun yaushe, ana biyansa ko ba a biyansa, sai mutum biyu da za su shaida waɗanda ba danginsa ba. A bar ƙofa a buɗe Juma'a uku, ana sanarwa bayan sallah da kuma a makarantun Islamiyya. Amma kada a dogara da takardar kaɗai. Tsohon da ya yi shekara ashirin yana haƙa kabari ba zai cika fom ba, waɗanda suka san shi ma ba masu cika fom ba ne. Don haka a ware mutum biyu su zauna a ƙofar gidan mai unguwa da la'asar, duk wanda ya zo da suna da baki su rubuta masa.

Abin da zan hana ƙwarai shi ne jefa ƙuri'a ta WhatsApp ko Facebook. Wanda ya fi yawan abokai da data shi zai cinye, mai share masallaci da asuba ko wayar ba shi da ita.

Bayan an rufe karɓar suna, kwamiti ya bi sahu. Mai haƙa kabari, a tambayi masu kula da maƙabarta. Ɗan sintiri, a duba littafin da suke sa hannu na dare. Mai ba da jini, a nemi katinsa ko shaidar wanda aka taimaka wa, kuma a bambance shi da masu tsayawa bakin wasu asibitoci suna sayar da jini. Ga wata hanya mai sauƙi ta gane ƙari: jaka ɗaya wajen mililita 450 ce, kuma ana son tazarar wata uku ga namiji, huɗu ga mace. Duk wanda aka rubuta cewa ya ba da jini sau goma a shekara ɗaya, ko dai an yi masa ƙari, ko kuma yana cutar da kansa, bai kamata a yi masa tafi a kan haka ba.

Sai maki, a kan ɗari. Daɗewa a aikin 30, rashin fashi 25, wahala da haɗarin aikin 20, yawan masu amfana 15, jawo wasu da koya musu 10. Na fifita daɗewa da gangan, domin akwai masu himmar wata biyu, a yi ta ɗaukar hoto da shebur, da ruwa ya sauka a nemi mutum a rasa. Kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai a takarda kafin a buɗe baki, in ba haka ba duk abin da babba ya faɗa shi za a bi.

Adadi kuwa, kada ya wuce takwas zuwa goma. Idan aka kai talatin, lambar ta zama takardar tsire. Alhazan da suka ba da kuɗi a rubuta musu wasiƙar godiya, shugaba ya kai da kansa, a kuma ambace su a jawabi. Amma kada a jera su layi ɗaya da wanda ya shiga kwata har gwiwa, don ba awo ɗaya ake yi wa aikin ba.

Malam na Gyallesu:

Baba ya gama da wancan ɓangaren, bari in taɓa batun riya, tunda shi ne ya tsaya wa wasu a rai, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce.

Riya tana ga niyyar mai aiki, wato ya yi don a gani a yaba. Godiya kuwa nauyi ne a kan waɗanda aka yi wa. Hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Kuma a Sahihu Muslim an tambayi Annabi (SAW) game da mutumin da ya yi aikin alheri sai mutane suka yabe shi a kai, ya ce wannan busharar gaggawa ce ga mumini. Sannan ga ƙissar matar da ke share masallaci, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, da ya ji sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata sallah. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ma ta yaba bayyana sadaka, sannan ta ce ɓoyewa ya fi. Ke nan duka biyun suna da gurbi.

Abin da wannan ke nufi a aikace: kada a yi wa kowa ba-zata. Mako biyu kafin taro, mutum biyu su je gidan kowane wanda aka zaɓa su nemi yardarsa. Za a samu wanda zai ce shi don Allah yake yi, a rufa masa asiri. To a rufa masa. Mai unguwa da liman su kai masa takardarsa da kyautarsa gida, a yi addu'a a zaure, ba hoto ba lasifika. Kada a matsa masa, kada kuma a cire shi a sa wani don ya ƙi fitowa.

Akwai kuma abu biyu da ake yi da kyakkyawar niyya amma kuskure ne. Na farko, fito da waɗanda aka taimaka wa. A tsayar da marayu gaban jama'a a ce wane ne ke ciyar da su, ko a ambaci sunan matar da aka ba jini wajen haihuwa. Wannan tozarci ne, kuma yana kusa da gorin da aya ta 264 a surar ta ce yana ɓata sadaka. A faɗi aikin, a bar sunan mai amfana. Na biyu, kuɗin taron. Ba a taɓa asusun marayu, ko zakkar da aka damƙa wa ƙungiya, ko kuɗin gyaran maƙabarta don a sayi allon yabo da lemo. A yi karo-karo na daban da sunan wannan taron, wanda ya bayar ya san abin da ya bayar dominsa.

Wajen karanta tarihin mutum kuma a tsaya kan abin da ya yi. “Ya shekara kaza yana kaza” ya wadatar. Kirarin da za a kai mutum inda Allah bai kai shi ba, shi ne yabon da aka hana, kuma shi ke sa mai aikin kansa ya fara jin wani abu a ransa.

Hajiya ta Tudun Wada:

Allah ya saka wa Malam da Baba. Ni gyarana a kan mata ne da kuma kyautar.

Idan aka bi ta masallaci kawai wajen neman suna, maza za a samu zalla. Aikin mata a cikin gida yake: mai wankan gawa da ake bugo wa ƙofa ƙarfe biyun dare, mai raka masu naƙuda asibiti ta kwana a kan benci, masu tsayawa kan tukunyar kunu da ƙosai na buɗa-baki wata guda cur, masu bi gida-gida suna lallashin iyaye a kai yara rigakafi. Waɗannan sai ta bakin mata. A ba malaman Islamiyyar matan aure da shugabannin ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN takardun su zaga da su. Cikin goman da Baba ya ce, a ware wa mata aƙalla uku tun farko, in ba haka ba za a tashi da ɗaya, ita ma matar wani babba. Garin Hajiya Gambo Sawaba bai kamata a ce an rasa matan da za a karrama ba.

Matar aure kuma a bi ta hannun maigidanta, a kai masa katin gayyata da sunansa. Wadda ba za ta fito gaban maza ba, a ba ta zaɓi: ɗanta ko ƙanenta ya karɓar mata, ko a miƙa mata a walimar mata ta daban.

Kyauta kuwa, nan ake yawan yin kuskure. Za ka ga an ba mai haƙa kabari diga da shebur an ce an karrama shi. Yaya Sakatare, wannan ai aiki aka ƙara masa. Kayan aiki na aikin ne: diga, shebur, baro, manjagara, takalmin roba, safar hannu, tocila, rigar ruwa ga 'yan sintiri, bandir ɗin alawayyo da sabulu da turare ga masu wanka. A saya a miƙa wa rukunin gaba ɗaya, a rubuta a littafin ƙungiya. Kyautar mutum daban take, abin da zai shiga da shi gida iyalinsa su gani: shadda yadi biyar ko goma ga namiji, turmin atamfa da mayafi ga mace, da ɗan abin cefane. Idan ɗinki zai gagare shi a haɗa da kuɗin tela, don sau da yawa yadin yana ƙarewa a kasuwa.

Wanda ya manyanta, abin da ya fi masa allon bango shi ne a biya masa inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, na shekara guda, a kuma sa wani ya raka shi har a gama rajista ya karɓi katinsa. Wani kuma kuɗin makarantar ɗansa na zango ɗaya ne damuwarsa. Waɗanda suka je neman yardarsa su lura da halin gidan, za su gane ba sai an tambaya ba.

Kuma a ba kowa kuɗin Keke Napep na zuwa da komawa tun jajibiri. Abin kunya ne a ce mutum ya ci bashi don ya zo karɓar lambar yabo.

Mai Ɗab'i na Sabon Gari:

Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki kaɗan. Kada a raina takardar yabo. Saurayin da ke neman aiki ko gurbin karatu, takardar shaidar aikin sa kai mai sa hannun mai unguwa ko hakimi tana shiga fayil ɗinsa, shadda kuwa ba ta shiga. Sai dai a yi ta yadda za ta amfane shi: cikakken suna kamar yadda yake a katinsa na NIN, aikin da ya yi, daga wace shekara zuwa wace, kwanan wata, hatimi, sa hannu biyu. Takarda mai kauri, giram 250 zuwa 300, girman A4. Kada a liƙe ta da roba kafin a sa hannu da hatimi, ana yin wannan kuskuren sosai, biro ba ya kama roba. Firem ma ya fi, don ana iya ciro ta a yi hoto.

Sunaye su ne masifar wannan aiki. Muhammad, Mohammed da Muhammadu. Abdullahi da Abdullah. Wani kuma duk unguwa da laƙabi aka san shi, ba wanda ya san sunan yanka. A kawo wa mai bugawa jerin a buge, ba rubutun hannu ba, ya fitar da gwaji ɗaya a takarda mara tsada, a kai wa kowa ya duba nasa. Kwana goma kafin taro a gama wannan. Allon katako ko na gilashi in an sassaƙa shi da kuskure sai dai a sake sabo, shi ya sa nake ganin allo ɗaya ko biyu ya isa, na wanda ya fi kowa daɗewa. Dattijon da ba ya karanta boko a yi masa tasa da Hausa, in da hali a sa sunansa da ajami a ƙasa.

Kuɗi a raba shi goma. Shida ga kyaututtuka da kayan aiki, ɗaya ga takardu da firem, biyu ga rumfa da kujeru da lasifika da man janareto da ruwan sha, ɗaya a ajiye don abin da zai taso. Duk tsarin da aka ga abinci da ɗakin taro sun fi abin da za a ba masu lambar, a soke shi. Filin makarantar firamare ta unguwa ya wadatar, a rubuta wa hedimasta takarda da wuri don shi ma sai ya sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Rumfa biyu ko uku, ɗaya ta mata, kujera ɗari zuwa ɗari da hamsin. Layin gaba na waɗanda ake karramawa ne da iyalansu, a rubuta sunansu a jikin kujerun, in ba haka ba 'yan rakiyar manya za su cinye wurin, masu taron su tsaya a rana.

Gayyatar sarauta tana da hanyarta: mai unguwa, dagaci, sannan hakimi. Kada a tsallake a kai takarda fadar Zazzau kai tsaye, mai unguwa ya ji a bakin mutane. Taron unguwa in hakimi ya zo ko ya turo wakili ya yi armashi. A kuma kai takardar sanarwa ofishin 'yan sanda na yankin, 'yan agaji su kula da tsari.

Lokaci: a kauce wa Yuli da Agusta saboda ruwa, a kauce wa azumi da makon Sallah, lokacin hankalin gari yana kan hawa. Ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi, an yi girbi, ruwa ya ɗauke, sanyi bai kankama ba, ga shi 5 ga Disamba ita ce ranar masu aikin sa kai ta duniya. Masu ba da jini tasu ranar 14 ga Yuni ce, in ana so a yi musu wani abu daban. Asabar ƙarfe goma na safe, a tashi kafin azahar, amma a fara bincika ko akwai ɗaurin aure a unguwar ranar. Jawabi uku kacal, kowanne minti biyar. A miƙa lambobin a cikin awa ta farko, ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba, domin idan aka bar su ƙarshe, manya sun yi jawabi sun tafi, jama'a sun bi su, a miƙa wa mutum lamba gaban kujeru.

Sakataren Unguwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Saura abu biyu. Akwai ɗan siyasar da ya aiko cewa zai ɗauki nauyin komai. Sannan waɗanda aka kawo sunansu ba su shiga goman ba, yaya za a yi da su kada su yi fushi su ajiye aikin?

Baban Kwarbai:

Kada a bar mutum ɗaya ya ɗauki komai, ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa. Wanda ya biya duka, gobe zai aiko da suna biyu a saka, kuma ba bakin da zai ce a'a. A sa ƙa'ida cewa gudummawar mutum ɗaya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin taron, ta shiga asusun ƙungiya da rasit, kuma sai bayan kwamiti ya rufe jerin sunaye ya sa hannu. Ba fosta, ba hular jam'iyya, ba hotonsa a jikin takardar yabo, don takardar za ta shekara ashirin a bango, siyasa kuwa tana juyawa. In ya zo a ba shi kujera a gode masa da suna. In kakar kamfe ta kama, a gayyaci kowane ɓangare ko a bar su duka.

Sauran kuma a karanta sunayensu duka a wurin taron, rukuni-rukuni, su miƙe a yi musu addu'a, kowa ya tafi da wasiƙar godiya mai hatimi. Kayan aikin da Hajiya ta lissafa a miƙa wa shugaban kowane rukuni a gabansu, don su ga abin ya shafe su. A kuma faɗa a fili cewa wanda ya karɓa bana ba zai sake karɓa ba sai bayan shekara uku, kuma takardun waɗanda ba su samu ba suna nan a fayil, da su za a fara baɗi.

Ka sayi babban littafi mai bango tun yanzu, Sakatare. Duk ranar gayya, ko jana'iza, ko kiran jini, a rubuta kwanan wata da waɗanda suka fito, shugaban rukuni ya sa hannu. Baɗi kwamiti zai buɗe littafi ne maimakon sauraron wane ya ce wane ya ce. Littafin ya zauna a hannun ƙungiya, ba a gidan mutum ɗaya ba, kuma duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan da waya saboda ruwa da gara.